Agogon da Ya San Lokacin Tokyo, Bai San Ranar Buɗe Iyakar Illela ba

Mutumin Lafani ta ƙasar Illela da ya hau kabu-kabu da hantsi zai je Birnin Ƙonni a Nijar gaida surukai yana da shirin da yake yi tun kafin a iso shinge. Naira a aljihun dama, sefa a na hagu. Yana duba layin Nijar da ke rami na biyu na wayarsa, ko da sauran kati a ciki. Yana shafa aljihun gaba ya tabbatar katin shaida na nan, domin jandarma ba ya jin "na manta". Yana kuma ware 'yan canjin da zai sallami masu igiya a hanya. Agogon hannunsa kuwa ko kallonsa ba ya yi. Ƙarfe 10 a Illela ita ce ƙarfe 10 a Ƙonni, ita ce a Tawa da Yamai, a Legas da Kwatano, har Njamena da Aljiyas. Duka suna gaba da lokacin Greenwich da sa'a 1, rani da damina, ba a matsarwa.

Ga irin wannan mutum ne wayar hannu ke kawo hotunan sababbin agogunan matafiya, masu nuna lokacin birane biyu, uku, har 24 a fuska guda. Duk shekara, wajen watan Afrilu, manyan kamfanonin agogo na haɗuwa a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan, a baje kolin da ake kira Watches and Wonders, kowa ya fito da abin da ya ƙera. A 2022 Rolex ya fitar da GMT-Master II na bahago, mai baki kore da baƙi, maɓallin ɗaurinsa a hagu. A 2024 ya ƙaro mai baki baƙi da toka-toka. A shekarar ce ƙaninsa Tudor ya kawo Black Bay 58 GMT, Patek Philippe kuma ya saka samfurin 5330G cikin kayansa na yau da kullum, agogon farin zinare mai nuna lokacin duniya, wanda kwanan watansa ke bin garin da mai shi ya sauka. Kamfanin Bovet ya wuce su duka da Récital 28, wanda aka cusa wa 'yan gangunan ƙarfe 24 masu juyawa, saboda ya bi ƙasashen da ke matsar da agogonsu gaba in bazararsu ta shigo.

Kyau kam akwai shi, ba a musu. Sai dai in aka ajiye kyau gefe aka tambayi wace matsala ce agogon ke magancewa, kuma ta wa, amsar ba ta biyo ta hanyar Illela ba.

Asalin abin ba ado ba ne. A 1931 wani maƙerin agogo a Janiba mai suna Louis Cottier ya ƙirƙiro dabarar zobe biyu: na waje ɗauke da sunayen birane, na ciki ɗauke da sa'o'i 24 yana juyawa a hankali, ta yadda duk birnin da ido ya sauka a kansa, lokacinsa na nan daidai ƙarƙashinsa. Patek Philippe da Vacheron Constantin suka karɓi dabarar. A tsakiyar shekarun 1950 kuma, da jiragen fasinja suka fara tsallaka teku a tashi ɗaya, kamfanin jiragen Pan Am na Amurka ya nemi agogon da matuƙansa za su riƙa ganin lokaci biyu a tare, Rolex ya ba su GMT-Master. Hannu na huɗu aka ƙara masa, wanda ke zagaye fuskar sau ɗaya a yini da kwana, aka raba bakin agogon launi biyu, ja na rana, shuɗi na dare. Matuƙin da ya bar New York da yamma ya wayi gari a Landan yana da buƙatar wannan kamar yadda direban tirela ke buƙatar madubin gefe. Kayan aiki ne, kuma a wancan zamani matuƙi na iya saye da albashinsa.

Yau na ƙarfe zalla, wanda babu zinare ko kaɗan a jikinsa, ya haura dala 10,000 a shagon kamfani, kuma sai an rubuta suna an jira layi. Na Patek Philippe ya wuce dala 70,000. A watan Nuwamba na 2019 an yi gwanjon wani tsohon Patek mai lokacin duniya, samfurin 2523, a Hong Kong, ya tashi a kusan dala miliyan 9. A dawo gida da lissafin. In dala na kan naira 1,500, kamar yadda ta yi ta kai-komo a 2024, ƙaramin cikinsu ya haura naira miliyan 15. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Masinjan ƙaramar hukuma da ke karɓar wannan, in ba zai ci ba, ba zai sha ba, ba zai biya haya ba, sai ya shekara kusan 18 yana tari kafin ya ɗaura shi. Wannan kuwa a Sakkwato, jihar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 kashi 91 cikin 100 na mutanenta na cikin talauci ta fuskoki da yawa, adadin da ya fi na kowace jiha a Najeriya.

Akwai wani abin dariya a fuskar agogon da masu ɗaura shi a nan ba su cika lura da shi ba. A zoben biranen, gurbin sa'ar da Najeriya da Nijar ke kai, sunan Paris ne a rubuce, wani lokaci Janiba. Babu Legas, babu Kano, balle Sakkwato. A yawancinsu Alƙahira kaɗai ke wakiltar Afirka. To Alhajin da ya zuba miliyoyi sai ya saita agogonsa a kan Paris in yana son ya ga lokacin gidansu. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma Faransa na tura agogonta gaba da sa'a 1, don haka a cikin waɗannan watanni 7, abin da zoben ke kira Paris lokacin Illela ne, ainihin Paris ɗin ta yi gaba ta bar shi. Maroko ma ta sha mayar da agogonta baya a watan azumi, Masar ta dawo da canjin bazara a 2023, Sudan ta sauya nata lokacin a 2017. Indiya kuwa rabin sa'a ta ɗora a kan nata, shi ya sa Vacheron Constantin ya ƙera mai gurabe 37 a 2011. Lokacin ƙasa shawarar gwamnati ce, gwamnati kuwa na iya tashi da safe ta canza ra'ayi. Zoben da aka sassaƙa a zinare ba ya jin sanarwar rediyo. Wayar naira 15,000 na ji, ta gyara kanta mai ita na barci.

Kada a ɗauka mutanen iyaka ba su san bambancin lokaci ba. Sun fi masu agogon rayuwa da shi.

A je kasuwar Illela ranar Lahadi, a tsaya kusa da rumfar masu kayan waya. Mai rumfar da ke yo oda daga Guangzhou ya san Sin na gaba da shi da sa'a 7. In ya idar da sallar Asuba ya kunna data, wakilinsa a can ya riga ya ci abincin rana. In ya yi sakaci har ƙarfe 11 ta yi masa, shagunan can sun fara ja da ƙofa. Shi ya sa cinikinsa na waje ke ƙarewa kafin kasuwar gida ta cika. Mai kawo turare da atamfa daga Dubai na ƙara 3. Dillalin albasa da motarsa ta ɗauko kaya daga Galmi ko fadamun Kalmalo ta nufi Kumasi da Akara yana rage 1, haka wanda ɗansa ya tafi cin rani Abijan ko Wagadugu. Tsohuwar da mijinta ya tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar III zuwa Madina ta san a ƙara 2, kuma ba ta kira shi da ƙarfe 9 na dare, don ta san can dare ya fara nisa, ga tashin Asuba a Harami. Babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa jin sunan Cottier. Lissafin a kai yake zaune, gefe guda da farashin sefa, wanda shi ne ainihin abin da ake tambaya da safe: "Nawa jaka ta kwana?"

Wanda kuma yake son ya gani da ido, kasuwa ta daɗe da yi masa tanadi. Casio na da samfurin AE-1200 mai ɗan taswirar duniya a fuska, yana ba da lokacin birane 48, kuɗinsa 'yan daloli ne da ba su kai na buhun shinkafa ba, batirinsa na shekara 10. Alhazai kuma sun cika gidaje da agogunan Alfajr da Al-Harameen a tsarabar Makka. Waɗannan su ne agogunan matafiya na gaskiya a ƙasar Hausa, domin sun amsa tambayar da matafiyin nan ke yi in ya sauka baƙon wuri: ina alƙibla, kuma yaushe lokacin salla ke shiga? A sa musu lambar gari, su yi kiran salla da kansu. Ba a kai su baje kolin Janiba, amma in ƙidayar hannaye za a yi tsakanin Sakkwato da Agadas, ba a haɗa su da kowa.

Maganar salla ta kawo wani bambancin lokaci da agogon Janiba bai san da shi ba, alhali kowane mai azumi ya san shi a cikinsa. Lokacin hukuma na Najeriya an ɗaura shi a kan layin da ke digiri 15 gabas da Greenwich, wanda ya bi ta kusa da Njamena, wajen ƙasar ma gaba ɗaya. Illela kuwa na wajen digiri 5 da ɗan ɗoriya. Rana na cin digiri 1 a minti 4. Ke nan in agogo ya buga 12 a Lafani, rana ba ta kai tsaka ba tukuna, da sauran kusan minti 40. A farkon Nuwamba zawali kan zo wajen 12:25, a tsakiyar Fabrairu ya kusa kai ƙarfe 1 saura minti 5. Ladanin da ke kallon inuwar sanda a gindin masallaci ya fi agogon bango gaskiya. A watan Ramadan kuma mutumin Maiduguri ya riga ya sha kunu ya yi Magariba kusan rabin sa'a kafin na Illela ya kai dabino baki, na Kano ya riga shi da minti 10 zuwa 15, alhali agogonsu duka abu ɗaya yake faɗa. Wanda ya taɓa jin kiran sallar Kano a rediyo yana Sakkwato, rana na nan jajir a sama, yara suna cewa an sha ruwa, ya san wannan rigima.

Turawan mulki ma sun yi ta lalube kafin su tsaya. Legas ta ɗauki lokacin Greenwich a 1905, ta sake shi a 1908, sannan da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914 aka sa ƙasar a kan rabin sa'a gaba da Greenwich. Wannan rabin sa'a, in gaskiya za a bi, shi ya fi dacewa da ƙasar, tun da layinsa ya ratsa tsakiyarta ta wajen Kaduna. A 1919 aka cike ta zuwa sa'a guda, aka zauna a haka har yau. Ingila da Faransa kansu sun daɗe ba su jitu a kan agogo ba: a taron Washington na 1884 da aka zaɓi Greenwich, Faransa ƙin jefa ƙuri'a ta yi, ba ta bi ba sai 1911. Su ne kuma dai suka zauna a 1898 suka zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato suka ce nan ne iyaka, da Faransawa suka ga babu hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram a rabonsu, aka sake zama a 1904 da 1906, Ƙonni ta faɗa hannun Faransa, Illela ta tsaya a na Ingila.

Kafin wannan duka, Bahaushe na da agogonsa, kuma har gobe shi ke aiki. Asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, almuru, lisha, talatainin dare. Ɗaurin aure "bayan saukowa daga Juma'a" ne, jana'iza "bayan La'asar", kuma babu wanda ke makara. Kalmar "ƙarfe" da ake faɗin lokaci da ita ta samo asali daga ƙarfen da ake bugawa a bariki da ofis, "agogo" kuwa aro ce daga Yarbanci, inda take nufin ƙararrawa. Mahajjatan da suka riƙa bin ƙasa ta Borno da Wadai da Darfur zuwa gaɓar Bahar Maliya, wasu shekara biyu, wasu bakwai, wasu suka zauna a Sudan kamar jama'ar Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, sun ratsa abin da yau ake kira yankunan lokaci uku ba tare da sun san sun ratsa komai ba. Rana na tafe da su. Bambancin lokaci ciwon gudu ne. Jirgin sama ya kawo shi, da ya mayar da tafiyar shekaru ta koma ta kimanin sa'o'i 5.

Wani abin da ya fi wannan ɗaure kai shi ne Illela da Ƙonni, da ba su taɓa saɓawa a sa'a ba, sukan saɓa a rana sukutum. A nan ana jiran sanarwar Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar daga fadarsa a Sakkwato, a can ana jiran ta majalisar malamai daga Yamai. A 2024 Nijar ta yi Ƙaramar Salla ranar Talata, 9 ga Afrilu, Najeriya ta yi ranar Laraba. 'Yan kilomita kaɗan tsakani, wa na cin tuwon salla da sabuwar riga, ƙani na ɗauke da azumi na 30. A Sakkwato har an samu malamin da ya bi ganin watan Nijar ya ja jama'arsa idi ranar Talatar. A Lafani da ƙauyukan da ke kewaye, inda kusan kowane gida ke da dangi a tsallake, wannan ita ce tambayar lokaci mai zafi, ana kwana ana buga waya a kanta. Patek Philippe ya ƙera kwanan wata mai ja da baya in an tsallaka tekun Fasifik, amma bai da gurbin da zai nuna 1 ga Shawwal a Ƙonni, 30 ga Ramadan a Illela.

Lokacin da ake asara a wannan iyaka kuwa ba da hannun agogo ake auna shi ba, da kalanda ne. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 16 ga Disamba, 2020, inda Illela ta shiga cikin huɗun farko tare da Seme, Maigatari da Mfum. Wata 16 ke nan. Ba a gama farfaɗowa ba sojojin Nijar suka kifar da shugabansu Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023, Janar Abdourahamane Tiani ya hau, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake garƙame ƙofa, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Motocin albasa da na hatsi suka yi jerin gwano, kaya suka ruɓe a kansu, direbobi suka ci kuɗin guzuri suka koma cin bashi wajen mai shayi. Sai a watan Maris na 2024 aka buɗe, Najeriya ta fara, Nijar ta biyo baya da 'yan kwanaki. In aka tara, cikin ƙasa da shekara 5 ƙofar ta yi kusan shekara 2 a rufe. A watan Janairu na 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, matafiyi ya shiga tambayar wace takarda ce za ta yi aiki gobe.

Ko a ranar da ƙofa ke buɗe, tafiyar Sakkwato zuwa Illela ba ta kai kilomita 90 ba, amma direban da ya ɗauko kaya ba ya iya yi wa mai kaya alkawarin sa'ar isowa. Shinge nawa zai tarar, wa zai ce a sauke a duba, wa zai riƙe takarda har sai an ga hannu: wannan ne ke yanke lokacin. An ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai kilomita 1,068 a 2024, wadda daga Illela za ta faro. In an gama ta, kwalta za ta rage sa'o'i. Igiya kuwa ba kwalta ke cire ta ba.

To me ya rage wa agogon miliyoyi? Abu biyu, kuma ya kamata a raba su.

Na farko sana'a ce, kuma wanda ya san darajar aikin hannu ba zai raina ta ba. Ɗaruruwan 'yan ƙarafa, wasu ba su kai ƙwayar gero ba, a goge kowanne da hannu, a jera su su yi tafiya babu batir, wannan aiki ne irin na madunkin da ke shekara a kan aska takwas, ko baduku mai sirdin sarauta. Ƙasar da ke sayen rigar saƙi da alkyabba da tsada ba ta da bakin cewa don me wani zai sayi abin da ya fi buƙatarsa. Suwizalan ta fitar da agogo na sama da faran biliyan 26 a 2023, ƙasar da ba ta da rijiyar mai ko ɗaya. Akwai abin koyo a nan ga jihar da ke fitar da fata ɗanya ta sayo takalmi. Ɗan kasuwar da ya tara dukiyarsa ta halal, ya fitar da zakka, ya ga agogon ya burge shi, kuɗinsa ne. Illa dai ya faɗi gaskiya: ado ya saya da ajiyar dukiya, kamar yadda mata ke sayen gwal. Kada ya ce don kar ya rasa jirgi ne.

Na biyu shi ne wanda ya shafi kowa. A wannan ƙasa agogon tsada ya zama hanyar ɗaukar gida guda a tsintsiyar hannu a wuce da shi ta gaban jami'in filin jirgi ba tare da an cike fom ba. A 2019 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta mallaka wa gwamnati kayan ado na kimanin dala miliyan 40 da aka danganta da tsohuwar ministar man fetur Diezani Alison-Madueke, a cikinsu har da agogon hannu 189. Hannu biyu dai Allah ya ba kowa. Tsarin mulki ya wajabta wa mai riƙe da muƙami ya bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, amma takardun na kulle a durowa, talaka ba ya ganin su. Abin da talaka ke gani shi ne hoton taro: babbar riga ta zame, hannu ya fito, ga abu na walƙiya mai baki launi biyu. Matasa yanzu sun iya zuƙo hoton su nemo samfurin da farashinsa a intanet cikin minti biyu, kuma suna da gaskiya in sun tambaya. Wanda albashinsa na hukuma sananne ne, in ya zo jajen harin 'yan bindiga a gabashin Sakkwato da albashin masinja na shekara 18 a hannu, bai kamata a bar shi ya hau mota ba a tambaye shi inda ya samo ba. 'Yan jarida su daina ɗaukar wannan a matsayin tsegumi.

A bakin tashar Illela akwai irin teburin nan da ake samu a kowace tasha: akwatin gilashi, mai gyara zaune da ɗan madubi a ido ɗaya, gwangwanin madara cike da matattun batura, tsinken buɗe murfi, da agogunan da masu su suka kawo tun bara ba su dawo ba. A cikin gilashin ba a rasa "Rolex" mai baki ja da shuɗi, na 'yan dubbai. Ango kan saya don hoton biki. Sau da yawa hannu na huɗun a manne yake, ko ya riƙa bin na sa'a kamar ɗan rakiya, kuma babu mai dawo da shi ya yi ƙorafi, domin ba don lokacin Landan aka saye shi ba. Angon da Alhajin mai na gaske buƙatarsu ɗaya, a gani. Bambancin kawai angon bai taɓa kuɗin kowa ba.

Abin da matafiyin Lafani ke nema daga Abuja da Yamai bai kai kuɗin agogo ɗaya daga cikin waɗannan ba. A kafa allo a ƙofar Illela da ta Ƙonni, da Hausa, da boko da ajami, a rubuta sa'ar buɗewa da ta rufewa, takardun da ake buƙata, da kuɗin da doka ta yanka wa kowane irin kaya, a sa lambar wayar da za a kira in an nemi ƙari. A rage shingayen da ke tsakanin Sakkwato da iyaka zuwa adadin da za a iya faɗa a bainar jama'a. In kuma shugabanni sun sake saɓawa, su nemi wata hanyar hukunta juna da ba ta bi ta kan buhun albasar talaka ba.

Mai niyyar aikin Hajji bana daga Lafani kuma, kada wani ya ruɗe shi a shagon filin jirgi. In jirgi ya sauka Madina, ya tura agogonsa gaba da sa'a 2, in ya dawo ya mayar.